Martani: Ba Alƙalami Kaɗai Ya Haɗa Arewa Ba

Kwanan baya wani marubuci ya fitar da maƙala yana ƙorafin cewa mun cika kambama makaɗan Hausa. A ganinsa mutane iri biyu ne suka gina abin da muke kira Arewa: malaman jihadi da alƙalumansu, sai shugabannin jamhuriya ta farko da makarantu da ma'aikatun da suka kafa. Makaɗi kuwa, in ji shi, maroƙi ne kawai. Inda aka ba shi riga da doki can bakinsa yake karkata, saboda haka ba shi da hannu a cikin abin da ya sa Bahaushen Sakkwato da na Haɗeja suke jin su 'yan'uwan juna ne. Har ya kai ga cewa jami'o'inmu ɓata lokaci suke yi wajen nazarin waƙar baka, kuma digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata a 1988 kuskure ne. Domin ya ƙarfafa maganarsa sai ya kafa hujja da ƙasarmu: ga Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, ga Rabah inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, to wane mai kalangu ne za a jera da waɗannan?

Ni mutumin Kagara ne ta ƙasar Goronyo. Wurno da Rabah maƙwabtanmu ne, muna cin kasuwannin juna, muna auratayya. Tunda da ƙasarmu Malam ya kafa hujja, daga ƙasarmu zan ba shi amsa.

Malam, babu mai hankalin da zai jera makaɗi da Muhammadu Bello a ilimi ko a mulki. Mutumin da ya riƙe daula shekara ashirin, daga 1817 har rasuwarsa a 1837, ya rubuta littattafai a kan shari'a da tarihi da magani, ya wuce a gwada shi da kowane mai kotso. Wannan ba a musu a kansa, kuma ban taɓa jin wani manazarcin waƙa ya yi musun ba. Abin da maƙalarka ta tsallake shi ne hanya. Ta ina abin da waɗannan manya suka gina ya isa ga manomin Kagara, da matar da take daka a cikin gida, da mahaucin kasuwar Achida, da ɗan ciranin da yake tallan albasa a Ibadan? Kuma da ya isa gare su, wa ya sa suka ga kansu a cikinsa?

Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, masu karatun boko a karkararmu 'yan ƙalilan ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya tun 1939, amma a ƙauye sai a sami mutum ɗaya ko biyu da suke iya karanta ta, sauran jama'a su kewaye su saurara. Masu karanta ajami sun fi yawa, sai dai mafi yawan littattafan Bello da na Abdullahin Gwandu da Larabci aka rubuta su, sai wanda ya yi nisa a karatu yake shiga cikinsu. Galibin mutane ta kunne suke samun abin da suka sani game da kansu da sarakunansu da sauran garuruwa. Duk wanda jama'a suke saurare a wancan zamani, yana da babban rabo wajen tsara yadda suke kallon kansu.

Malaman da kake kafa hujja da su sun riga mu gane haka. Gaskiya ne Shehu Usmanu ya soki wasu nau'o'in kiɗa da bambaɗancin fada, ba zan ɓoye wannan ba. Amma shi ɗin dai ya tsara wa'azinsa a waƙe da Fulatanci, aka mayar da wasu waƙoƙin zuwa Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta zauna a Wurno tare da mijinta Waziri Giɗaɗo a zamanin da Bello ya mai da garin ribaɗi, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna haddace waƙoƙin suna kai wa matan ƙauyuka. Ta san macen da take surfe ba za ta riƙe littafi ba, amma za ta riƙe baiti, ta kuma koya wa 'yarta. Ban ce waƙar Asma'u da kiɗan kalangu abu ɗaya ba ne, manufarsu daban, hukuncinsu wajen malamai daban. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ta murya suka shiga gidajen da takarda ba ta shiga.

Mu zo kan Sardauna. Ya riƙe firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har daren 15 ga Janairu 1966. Taken jam'iyyarsa NPC shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya. Amma Arewar nan larduna goma sha uku ce, daga Sakkwato zuwa Adamawa, daga Barno zuwa Ilori, ga ƙarancin hanyoyin mota. Mutum nawa ne a cikinta suka taɓa ganin Sardauna ido da ido? Mutum nawa suka karanta jawabinsa na kasafin kuɗi? A 1962 gwamnatinsa ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna, kuma duk dattijon da ya rayu a lokacin zai gaya maka abin da ya sa ake taruwa a gindin akwatin rediyo: labarai na ɗan lokaci ne, sauran zaman na makaɗa ne. Ana jin Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ana jin Sarkin Taushin Katsina. Ana jin Shata. Ana jin Musa Ɗanƙwairo, mutumin ƙasar Bakura, makaɗin fadar Maradun, wanda ya yi wa Sardauna waƙar Mai Dubun Nasara.

Yau wajen shekara sittin ke nan da rasuwar Sardauna. Ka tsai da matashi a tashar Goronyo ka ce ya kawo maka jimla ɗaya daga jawaban Firimiya, da wuya ka samu. Ka ɗauko masa farkon waƙar Ɗanƙwairo, shi zai ƙarasa maka. Sardaunan da yake zaune a zuciyar talaka, mai kwarjini, mai kyauta, jikan Bello, wanda ba ya tsoron kowa, kaso mai yawa na wannan siffa daga bakin makaɗa ta fito. Shi kansa ya san haka, shi ya sa ya jawo su jiki. Abokan hamayyarsa ma sun sani. NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ba ta da gidan rediyo, ba ta da 'yan doka, amma tana da Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, kuma waƙoƙinsu sun shiga lungunan da aka hana jam'iyyar yin taro. Malamai da shugabanni su suka haƙa rijiyar, wannan haka yake. Amma rijiya ba ta shayar da gari sai da guga.

Da aikin makaɗa ya tsaya ga isar da saƙon manya kaɗai, da sai in ce maganarka tana da ɗan gindi. Ya wuce nan. A cikin ƙaramar hukumar Rabah ɗin nan da kake alfahari da ita akwai ƙasar Gandi, mahaifar Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Ban ga sunansa a maƙalarka ba, alhali shi ne amsar tambayarka.

Wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe da kaka ya san abin da nake nufi. An ɗebe gero, rumbuna sun cika, an share fili a bayan gari. La'asar ta yi sanyi, jama'a sun yi da'ira, yara a gaba a durƙushe, manya a baya. Ɗan dambe yana zaune a gefe, an naɗe masa hannu da ƙyalle da igiya, layu a damtse, kamar ba shi ake jira ba. Sai mai kalangu ya matse shi a hammata ya ɗauko takensa. Makaɗi ya kira sunansa, ya kira garinsu, ya kira ubangidansa, ya jero mazajen da ya kayar ɗaya bayan ɗaya da garuruwan da aka yi. Kana kallo jikin mutumin zai fara tsuma, ya miƙe, ya ɗaga hannun nan sama, ya shiga fili yana kirari. Wannan mutum a galibi ɗan mahauta ne. A tsohon tsarin zaman Hausawa kowa ya san matsayin da aka ajiye mahauci, har aure wasu gidaje ba su ba shi. Babu marubucin tarihin fada da zai ɓata tawada a kansa.

Ɗan Anace ya ɗauki irin wannan mutum ya yi masa waƙa mai nauyin wadda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ya ba shi asali, ya ba shi tarihi, ya ba shi abokan gaba da ranakun nasara. Ya cika waƙoƙin da zancen ajali da ƙaddara, da cewa namiji ba ya gudun ranar da aka rubuta masa. Sakamakon haka, Shago ɗan dambe ya zama suna da ake sani daga Sakkwato har Kano, daga Maraɗi har zangon Kumasi, kuma karonsa da Ɗandunawa ya zama labarin da mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba suke bayarwa kamar a gabansu aka yi. Ba sarki ne ya naɗa Shago ba, ba gwamnati ce ta ba shi lamba ba. Makaɗi ne ya shigar da shi cikin mutanen da Bahaushe yake tunawa idan ana zancen jarunta.

Ɗan Anace ba shi kaɗai ba ne a wannan aiki. Maidaji Sabon Birni ya yi wa manoma, ya sa mai riƙe da garma ya ji sana'arsa abin tinƙaho ce. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, yaron da yake kwana a kan kaya, wanda ko fasinja ba ya tambayar sunansa. Barmani Choge ta Funtuwa ta kifa ƙwarya a ruwa ta kira matan aure su nemi na kansu. Shata ya yi wa sarakuna da attajirai, ya kuma yi wa direbobi da sojoji da garuruwa. Ka haɗa waɗannan duka, za ka ga Arewar da ta fi ta littattafan tarihi faɗi. Ta littafi cike take da sarakuna da malamai da waziri da alƙali. Ta makaɗa akwai waɗannan, akwai kuma mahauci da manomi da direba da mai ƙosai. Al'umma ba ta zama ɗaya sai na ƙasa ya ji an ƙidaya da shi, kuma makaɗa ne suka yi wannan ƙidaya.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafe mu mutanen gabashin Sakkwato kai tsaye. Da aka zo daidaita Hausar rubutu, karin harshen Kano aka ɗauka ya zama ginshiƙi. Da shi ake buga jarida, da shi ake rubuta littafin makaranta, da shi ake karanta labarai. Yaron Wurno ya shiga aji ya tarar da Hausar da uwarsa take yi masa ba ita ce a allo ba. Da a ce takarda ce kaɗai take tafiyar da harshe, da Sakkwatanci da Gobiranci da Zamfaranci sun zama abin dariya a birane. Abin da ya tsare musu mutunci shi ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Sa'idu Faru da Ɗan Anace duk da harshen gidansu suka yi waƙa, ba su sauya ba. Bakano da Bazazzagi suka haddace Bakandamiyar Narambaɗa da lafazinta na Gobir, suka koyi kalmomin da babu su a ƙamus ɗin makaranta. Haka Hausar gabas da ta yamma suka san juna, kowace ta ji ɗayar 'yar'uwarta ce.

Iyakar ƙasa ma haka. Turawan Ingila da na Faransa sun ja layi sun raba Gobir biyu, Sabon Birni ta faɗo Nijeriya, Tsibiri ta faɗa Nijar. Ɗan Illela ya koyi Turanci, ɗan Ƙonni ya koyi Faransanci, kuɗi daban, tuta daban, littafin tarihi daban. Makarantun Sardauna da kake yabo sun tsaya a bakin iyaka, dole. Kaset bai tsaya ba. A Maraɗi ana jin Shata da Ɗanƙwairo, a Kano da Katsina ana jin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Idan Bagobirin Tsibiri da na Isa sun haɗu a kasuwa, ba takardar gwamnati ce take tuna musu su jini ɗaya ba ne.

Kada ka ce wannan son kai ne na mai son kiɗa. Wasu ƙasashe sun bi irin wannan hanya kuma sun yarda da ita a fili. Ɗauki Birazil, ƙasa mai faɗin gaske, wadda ba ta hana bauta ba sai 1888, mutanenta haɗin 'yan asalin ƙasa da Turawa da jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, har da Hausawa a cikinsu. A farkon ƙarni na ashirin kiɗan samba na baƙaƙen fata matalauta ne, 'yan sanda suna korar masu yin sa. A zamanin mulkin Getúlio Vargas, daga 1930 zuwa 1945, rediyo ya ɗauki wannan kiɗa ya baza shi ko'ina, har ya zama abin da duniya take gane ƙasar da shi.

Wanda ya fi kama da namu a can shi ne Luiz Gonzaga. An haife shi a 1912 a garin Exu na jihar Pernambuco, a arewa maso gabashin ƙasar, yankin fari da makiyaya da 'yan cirani, wanda mutanen manyan biranen kudu suke rainawa. Da ya je Rio de Janeiro ya fara da kaɗa kiɗan ƙasashen waje a gidajen shaƙatawa, daga baya ya koma ga kiɗan ƙauyensu, ya sa hular fata irin ta mutanen yankin. A 1947 ya fitar da waƙar Asa Branca, wadda suka tsara da Humberto Teixeira, a kan manomin da fari ya kore shi daga gida yana begen ranar komawa. Miliyoyin 'yan ciranin da suke aikin gini da dako a biranen kudu suka ji an faɗi abin da yake ransu, mutanen birane kuma suka fara ganin wannan yanki a matsayin ɓangaren ƙasarsu. Shi ma an zarge shi da abin da kake zargin namu: ya yi wa 'yan siyasa waƙoƙin kamfe, ya yi wa kamfanoni talla. Duk da haka, bayan rasuwarsa a 1989, ƙasar ta ware ranar haihuwarsa, 13 ga Disamba, ta zama ranar tunawa da irin kiɗan yankinsu. Sun san ya karɓi kuɗi, sun kuma san abin da ya yi musu. Ba su bar na farko ya shafe na biyu ba.

Yanzu ga zancen roƙo, wanda shi ne ƙashin bayan maƙalarka. Eh, makaɗan Hausa suna roƙo. Narambaɗa ya karɓi dawaki da riguna, Shata ya karɓi motoci. A zamanin da babu kamfanin da zai biya mawaƙi haƙƙin faifansa yadda ya kamata, ubangida shi ne albashi. Amma wa ya ce karɓar lada tana soke amfanin aiki? Maginin da ya ɗora soron fada an biya shi, soron yana nan. Magatakardan da ya kwafe littafi an ba shi abin hasafi, littafin yana nan. Sannan ka saurari waƙar fada da kunnen basira. Idan makaɗi ya tsaya gaban sarki da jama'a yana yabonsa da adalci da haƙuri da kyauta da riƙon talakawa da tsare gidan kakanninsa, yana shimfiɗa ma'aunin da za a auna sarkin da shi ne, kuma kowa yana ji. Sarkin da ya kauce ya san akwai habaici, akwai zambo, kuma ya san zambo ya fi shi tsawon rai. A ƙasar da talaka ba ya iya ɗaga ido ya kalli hakimi, makaɗi yana cikin 'yan ƙalilan da suke iya faɗa wa mai mulki magana a bainar jama'a su kwana lafiya.

Ka ce waƙoƙin nan akwai ɓarna a cikinsu. Akwai. An yabi azzalumai don abin hannunsu. An yi wa bayin Allah zambo saboda kawai sun nemi sarautar da ubangidan makaɗi yake so. Shata yana da waƙar mashaya. Wani Gambo, ba Hawaja ba, ya yi suna da yi wa ɓarayi waƙa kafin ya tuba ya bari. A yau ma wasu mawaƙan siyasa suna cin mutuncin dattawa saboda kwangila, kuma abin da ya fi ciwo, a wayoyin yaranmu akwai waƙoƙin da ake kambama 'yan bindigar da suke kashe mu. Ban kare ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma ka lura, Malam, hujjarka ta biyu tana rushe ta farko. Ba zai yiwu ka ce makaɗi ba shi da tasiri a kan yadda al'umma take kallon kanta, sannan ka dawo ka ce yana lalata tarbiyyarta. Abin da yake iya ɓatawa yana iya gyarawa. Ɗan bindigar da yake biyan mawaƙi ya kira sunansa ya fahimci abin da maƙalarka take musu: wanda aka waƙe, yara za su so su zama shi.

Wannan ne ya sa kiran da ka yi na a daina nazarin waƙar baka ya fi komai tayar mini da hankali. Aikin da Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya fara a kan Shata, da wanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi na tattara tarihin makaɗa da tsara hanyar nazarin waƙoƙinsu, da littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa, su ne suke ba ɗalibi ma'aunin rarrabe gwani da ɗan kwangila. Yaron da aka zaunar aka nuna masa yadda Narambaɗa yake gina ɗiya a kan gindin waƙa, yadda 'yan amshi suke karɓa su ƙara, yadda ake saƙa tarihin gida guda a cikin 'yan layuka, ba zai ruɗu da mai jera zagi a kan kiɗan kwamfuta ba. Idan aka fitar da wannan daga makaranta, yara ba za su daina jin waƙa ba. Za su ci gaba da ji, ba tare da wanda zai nuna musu mai kyau ba.

Kuma lokacin da ka zaɓa ka yi wannan kira shi ne mafi muni. Ka san halin da gabashin Sakkwato yake ciki. A Yulin 2018 aka kai hari Tabanni ta ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi, garin Ɗan Anace. A Oktoban 2021 aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki. Ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni sun watse. Inda ake tsoron kwana a gida, wa zai share fagen dambe? Wa zai kira gayya a ɗauko gangar noma? Dandalin da ya haifi waɗannan makaɗa yana mutuwa a gabanmu. Tsofaffin 'yan amshi da suka san waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka a faifai ba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wasu a sansanin gudun hijira. Kaset ɗin da suka rage a akwatunan mutane zafi da ƙura suna cinye su. Abin da yake yawo a katin waya kaɗan ne daga abin da aka yi, shi ma sau da yawa an yanke shi, ba sunan wanda aka yi wa, ba shekarar da aka yi.

Ga abin da ya kamata mai alƙalami irinka ya nema. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Rediyon Rima su haɗa hannu su bi gidajen makaɗan nan a Gandi da Tubali da Isa da Sabon Birni, su ɗauki bayanin iyalansu da sauran 'yan amshinsu tun suna raye. A nemi tsofaffin faya-fayan da suke ajiye a gidan rediyon Kaduna a mayar da su na'urar zamani, a rubuta waƙoƙin da lafazin da aka yi su, kada a gyara su zuwa Hausar littafi. Ƙananan hukumomin Rabah da Wurno da Goronyo su san cewa wannan dukiyarsu ce kamar yadda albasa da tafarnuwa da shinkafar fadama suke dukiyarsu. A koya wa ɗan firamare tarihin Bello da na Sardauna, a kuma koya masa cewa ƙasarsu ta fitar da mutumin da ya sa duk ƙasar Hausa ta san sunan ɗan mahauta.

Malam, girmama Muhammadu Bello da Sardauna bai buƙaci a tozarta Ɗan Anace ba. Sardauna da kansa bai yi haka ba, ya kira makaɗa ya zaunar da su kusa da shi domin ya san inda muryarsa take tsayawa tasu take ɗauka. Ina roƙonka ka sake duba maƙalarka, ka zo ƙasar da ka kafa hujja da ita, ka zauna da manomanta da mahautanta da matanta ka tambaye su daga bakin wa suka fara jin sunayen garuruwan Arewa da mazajenta. Abin da suka gaya maka, shi za ka rubuta. Allah ya jiƙan magabatanmu, malamansu da sarakunansu da makaɗansu, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.

Daga Kagara, ƙaramar hukumar Goronyo, Jihar Sakkwato.